Jiya Ina Karatu Aka Ɗauke Wuta: Yaya Za Ka Faɗe Shi Da Turanci?

A ce wani yaro ya shiga kogin Wudil wanka a tsakiyar damina, ruwa ya fi ƙarfinsa. Mutum biyu suka shigo gari da labari. Na farko ya ce, "The boy drowned." Na biyu ya ce, "The boy was drowning." Wanda ya ji maganar na farko sai dai ya nufi gidan su yaron ya yi ta'aziyya, domin magana ta ƙare, ruwa ya ci yaro. Wanda ya ji ta na biyu kuwa cewa zai yi, "To, sai me ya faru?" Wataƙila masunta ko masu ɗibar yashi sun hango shi sun tsamo shi, yanzu haka yana gida yana shan faɗa. Yaro ɗaya, kogi ɗaya, aikatau ɗaya, amma jimlar farko ta kashe shi, ta biyu ta bar shi da ransa.

Waɗannan sigogi biyu su ne littattafanku na Turanci suke kira "simple past" da "past continuous". Tun ƙaramar sakandare ake koyar da su, ana kuma maimaita su kusan kowace shekara, amma har a jami'a suna kayar da manya. Abin da nake so in nuna muku, ƙannena, shi ne bambancin da ke tsakaninsu ba baƙon abu ba ne a wurin mai jin Hausa. Tun kuna goye kuke jin sa. Ba wanda zai rikita "ya nutse" da "yana nutsewa", ko "ta ci tuwo" da "tana cin tuwo". Wurin da ake tuntuɓe daban ne, kuma ɗan ƙarami ne. Sai dai in ba a nuna wa mutum shi ba, zai shekara yana faɗuwa a kansa.

Hausa ba ta duba agogo

Ku dubi jimlolin nan uku: "Yanzu ina karatu." "Jiya warhaka ina karatu." "Gobe warhaka ina karatu." Lokaci ya tashi daga yau ya koma jiya ya tsallaka gobe, amma kalmar "ina" ba ta motsa ba. Haka ma "na gama". Za ka ce "na gama tun jiya", za ka kuma ce "kafin ka dawo gobe na gama", alhali goben ba ta zo ba. A darasin Hausa ana kiran su "ina, kana, yana" lokaci mai ci, ana kiran su "na, kin, sun" shuɗaɗɗen lokaci, amma in aka bi diddigi, abin da suke faɗa mana shi ne halin da aikin yake ciki: an kammala shi ne, ko ana tsakiyarsa? Maganar yaushe kuwa sai a bar wa kalmomi irin su jiya, ɗazu, bara da gobe, ko a bar mai sauraro ya gane daga zancen da ake ciki. Masana harshe sun daɗe da lura da haka. Paul Newman, Ba'amurken nan da ya fitar da babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000, shi ma a kan haka ya tafi.

Shi kuwa Turanci tambaya biyu yake yi wa kowane aikatau, kuma ba ya yafe ko ɗaya. An gama ko ana ciki? Sannan yaushe? Ko ka rubuta "yesterday" da manyan baƙaƙe a farkon jimla ba ka tsira ba, sai ka sake nuna a jikin aikatau cewa jiya ake nufi.

Nan ne gizo yake saƙa. Ɗalibi yana so ya ce "jiya ina karatu aka ɗauke wuta", an kuma koya masa tun firamare cewa "ina" ita ce "I am". Sai ya rubuta, "Yesterday I am reading when they take light." Malam ya ja jan layi, yaro ya rasa laifinsa. A gaskiya ba shirme ya yi ba, Hausarsa ya ɗauko daidai ya sa mata kayan Turanci. Ya ma gane cewa karatun yana cikin gudana ne, shi ya sa ya kawo "reading". Abin da ya ɓace masa shi ne "ina" tana da fuska biyu a Turanci: "I am" ta yanzu, da "I was" ta abin da ya wuce. Jimlar da ake nema ita ce, "Yesterday I was reading when the light went off."

'Yan Islamiyya da suka taɓa nahawun Larabci sun san wannan dabara, ko da ba su haɗa ta da Turanci ba. "Yaktubu" yana rubutu ke nan. In aka sa "kaana" a gabanta aka ce "kaana yaktubu", rubutun ya koma baya: ya kasance yana rubutu. Aikin da "kaana" take yi, shi "was" da "were" suke yi. Hausa ma za ta iya cewa "na kasance ina karatu", amma wa zai yi wannan doguwar Hausa a hira? Mu a wurinmu ƙari ne, a Turanci kuwa dole ne.

Rabon "was" da "were" ba shi da wahala. "I", "he", "she", "it" da duk sunan abu guda suna tafiya da "was". "We", "they" da duk jam'i suna tafiya da "were". Mai taurin kan ita ce "you". Da yake Hausa ta raba kai, ke da ku, sai ɗalibi ya ga ai in mutum ɗaya yake wa magana "you was" ya kamata. A'a. Ko ƙanwarka kaɗai kake wa magana, "You were sleeping" za ka ce.

Ana cikin haka sai...

Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da daddare ya san yadda ake gina labari da Hausa. Da farko a yi shimfiɗa: Gizo yana tafe, rana tana dukansa, yunwa tana cin sa. Sannan a jefo kalmar "sai", daga nan abubuwa su fara faruwa ɗaya bayan ɗaya: sai ya hango hayaƙi, ya ratse, ya yi sallama, aka ba shi wuri. Wannan tsarin shi ne dai tsarin Turanci, ba ragi ba ƙari. Shimfiɗar tana ɗaukar "was" ko "were" da aikatau mai "-ing". Abin da ya biyo bayan "sai" kuma yana ɗaukar "simple past".

Mu gwada da abin da ke ƙofar gidanmu. Kasuwar shanu ta Wudil tana ci ranar Juma'a, kuma duk wanda ya taɓa bi ta garin a ranar ya ga yadda ake loda shanu a manyan motoci zuwa Kudu. A ce ɗalibi yana ba da labarin zuwansa can:

"Juma'ar da ta wuce mun je kara da kawuna. Dillalai suna ta ciniki, yara suna tallan ruwa, wasu suna loda shanu a tirela, sai wani bijimi ya tsinke igiya. Ya ture mai shayi, ya tsallake kwata, ya nufi titi."

Ga shi da Turanci:

"Last Friday I went to the cattle market with my uncle. The dealers were bargaining, children were selling water and some men were loading cattle onto a trailer when a bull broke its rope. It knocked down a tea seller, jumped over a gutter and ran towards the road."

Ku jera su kafaɗa da kafaɗa. Duk inda Hausa ta ce "suna", Turanci ya ce "were". Inda "sai" take, "when" ta zauna. Daga nan duk "ya" ta koma "broke", "knocked", "jumped", "ran". Ko waƙafi bai canza wuri sosai ba. Ku kuma lura da saurin labarin. Muddin ana cikin "were", kamar hoto ne a tsaye, kowa yana harkarsa. Da bijimi ya tsinke igiya sai hoton ya fara gudu.

Masu sharhin ƙwallo da wannan suke cin abinci. A gasar Olamfik ta 1996 a Amurka, Najeriya ta haɗu da Birazil a wasan kusa da na ƙarshe, kuma saura 'yan mintoci a tashi Birazil tana gaba da ci 3 da 1. Ba a haifi ko ɗayanmu ba a lokacin, amma iyayenmu har yau ba su gaji da labarin ba. Da Turanci sai a ce, "Brazil were leading 3-1 when Victor Ikpeba scored." Daga nan, "Nwankwo Kanu equalised in the last minute and scored again in extra time. Nigeria won 4-3." Kalmar "were leading" ta bar ƙofa a buɗe: suna gaba, amma ba a tashi ba. Kalmar "won" ta rufe ƙofa ta sa kwaɗo. Wani zai tambaya me ya sa aka ce "Brazil were". Turawan Ingila sukan ɗauki ƙungiyar wasa a matsayin jam'i, amma in ka ce "Brazil was leading" ba ka yi laifi ba.

Kalma biyu suke haɗa shimfiɗa da abin da ya faɗo a kanta: "when" da "while". Galibi "while" tana riƙe ɓangaren shimfiɗa, "when" tana riƙe abin da ya faɗo. "While we were praying, it started to rain." Ko kuma, "We were praying when it started to rain." In ayyuka biyu suna tafiya tare, ba wanda ya katse wani, duka biyun sai su ɗauki "-ing": "My mother was frying bean cakes while I was fetching water."

Tambayar ɗan sanda

A Wudil ne Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1988, ta kuma koma mai ba da digiri a 2012. Na san a cikinku akwai masu burin shiga can. To ku sani, babban ɓangare na aikin ɗan sanda rubutu ne: wa ya yi me, da wane lokaci, me ya riga me. Ku dubi jimlolin nan biyu:

"The man was running when he saw the police."

"The man ran when he saw the police."

A ta farko, bawan Allah yana gudunsa ne tun kafin ya ga kowa. Wataƙila motsa jiki yake yi, ko mota yake bi. A ta biyu, ganin 'yan sanda ne ya sa shi gudu, kuma duk mai karanta rahoton zai tambaya, me yake tsoro? In mai ɗaukar bayanin shaida ya musanya su, ya shafa wa mutum kashin kaji ko ya wanke mai laifi, da kalma ɗaya tak.

Haka abin yake a aji. "When the teacher came in, we stood up" ladabi ne, shigowarsa ce ta sa muka miƙe. "When the teacher came in, we were standing" kuwa a tsaye ya same mu, mai yiwuwa ma a kan benci.

A nan akwai wani lungu da Hausa take yaudarar mutum, kuma ban taɓa ganin littafin makaranta ya yi maganarsa ba, tunda yawancin littattafan ba don mai jin Hausa kaɗai aka rubuta su ba. Muna cewa, "Yana ganin 'yan sanda sai ya gudu." Ga "yana", ga "sai", kamar dai tsarin da muka yi magana a kai. Amma ma'anar daban ce. Ba wai yana tsakiyar gani ba ne, nufin shi ne da ganinsu, nan take ya arce. Haka "muna isa gida sai ruwa ya sauko", ko "tana jin muryarsa sai ta fito". Irin wannan "yana" ba ta ɗaukar "was". Turancinta shi ne, "As soon as he saw the police, he ran," da "As soon as we got home, it started to rain." Gwajin mai sauƙi ne. In za ka iya cusa "cikin" ko "tsaka da" a jimlar ba ta lalace ba, kamar "muna cikin tafiya sai ruwa ya sauko", to "were" ce. In kuwa "da zarar" ce ta fi zama, ka bar "-ing" ta huta.

Idan "was" ta yi yawa

Akwai ɗaliban da da zarar sun gane daɗin "was", sai su yi ta zuba ta kamar gishiri a hannun sabuwar mai girki. "I was going to the market. I was buying tomatoes. I was coming back home." Kowace jimla daidai take a nahawu, amma labarin ya ƙi tafiya. Mai karatu yana ta jiran "sai", ba ta zo ba. Ka je kasuwar ko kana hanya har yanzu? "I went to the market, bought tomatoes and came back home." Shi ke nan, an je an dawo. A ganina, a cikin labari mai kyau "simple past" ce take ɗaukar kaso mafi yawa nesa ba kusa ba. Ita "was" da "-ing" a farkon fage ake buƙatar ta, da kuma duk inda za a sake shimfiɗa.

Duk abin da ya faru ya ƙare a wani lokaci da aka ambata, "simple past" ce tasa. "Nigeria became independent in 1960." "The university in Wudil opened in 2001." "Kano Pillars won the league in 2008, 2012, 2013 and 2014." "Ahmed Musa scored two goals against Iceland in 2018." Tsawon lokaci ma ba ya canza wannan. "My grandfather lived in Gaya for forty years." Shekara arba'in ba kwana biyu ba ce, amma ana kallon ta ne a dunƙule, an yi an gama.

Haka abin da aka saba yi a da. Hausa tana cewa, "Ina firamare kullum a ƙasa nake zuwa makaranta." Ganin "nake" sai hannu ya kai ga "was going". Amma al'ada ce ake faɗa, ba wata tafiya guda da ake tsakiyarta ba. "When I was in primary school, I walked to school every day," ko "I used to walk to school."

Sai kuma wasu aikatau da Turanci ba ya son ganinsu da "-ing", su ne masu nuna hali, mallaka, sani ko so: "know", "want", "like", "believe", "understand", "belong", "own", da "have" in tana nufin mallaka. Matsalar ita ce da yawa daga cikinsu da "ina" Hausa take faɗin su. "Ina da keke a lokacin" sai ta fito "I was having a bicycle", alhali "I had a bicycle" ce. "Ina son in tafi" ita ce "I wanted to go". "Ina jin yunwa" kuwa ko aikatau na ji ba ta buƙata: "I was hungry." Za ku ji manya masu digiri suna cewa "I was having a car", har a rediyo. Ku ba su girmansu, amma kada ku kwafa a takardar jarrabawa. In "have" tana nufin ci ko sha, to wannan aiki ne da ake gani, don haka "We were having lunch when he arrived" daidai ce.

Kada kuma duk inda kuka ga "was" ku ɗauka an shiga "past continuous". "Kano State was created in 1967." "Jigawa was carved out of Kano in 1991." "The university was renamed after Aliko Dangote in 2022." Waɗannan su ne takwarorin "an ƙirƙiro", "an cire", "an sauya suna", inda ba a damu da faɗin wanda ya yi aikin ba. "I was born" ma a nan take, an haife ni, kuma babu wata kalma "borned". Abin da ba ya yiwuwa sam shi ne "I was go" da "I was went". In "was" ta tsaya gaban aikin da kai kake yi, sai da "-ing".

Wutsiyar da kunne ba ya ji

Me ya sa "-ed" take yawan faɗuwa daga rubutunmu? Ni dai ina ganin laifin kunne ne kafin hannu. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu a jere. Shi ya sa da muka aro "bank" muka ce banki, "bench" ta koma benci. To "walked" ana furta ta ne kamar "wokt", "jumped" kamar "jampt", "asked" kuwa baƙi uku ne a jere a ƙarshenta. Kunnen da ya tashi da Hausa sai ya yar da na ƙarshen, ya ji "he walk", hannu kuma ya rubuta abin da kunne ya ji. Saƙonnin waya sun ƙara dagula abin, tunda a can ba mai ja maka jan layi.

Wutsiyar tana da sauti uku. Bayan sauti irin su p, k, s, sh da f, ana jin ta kamar "t": "stopped", "washed", "laughed". Bayan t ko d kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta: "wanted", "needed", "started". Sauran duka "d" ce: "played", "called", "opened". Wanda ya saba furta ta da ƙarfi yana karatu, da wuya ya manta ta yana rubutu.

Akwai kuma aikatau kimanin 200 da ba sa bin dokar "-ed" ko kaɗan, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su: "go" ta koma "went", "see" ta koma "saw", "take" ta koma "took". Ba wata dabara sai hadda, amma hadda a dangi-dangi ta fi sauƙi a kan bin jerin a, b, c na bayan ƙamus. "Bought, brought, thought, fought, taught, caught" gida ɗaya ne. "Sang, rang, drank, swam, began" gida ɗaya. "Cut, put, hit, shut, cost" ba sa canzawa ko kaɗan. "Read" ba ta canza rubutu, amma ta jiya ana furta ta kamar "red". Ku yi hattara da masu kama da juna: "fell" faɗuwa, "felt" ji a jiki, "left" tafiya, "lived" zama. In abin ya so ya gundure ku, ku tuna da jam'in Hausa. Akuya awaki, sa shanu, doki dawaki, jirgi jirage. Wace doka ce ta haɗa su? Baturen da yake koyon Hausa kuka yake yi da su, ku kuwa kun haddace su ba tare da kun san kun yi ba.

Wajen tambaya da korewa, "did" ce take ɗauke alamar jiya, shi kuma aikatau ya koma yadda yake a ƙamus. "Did you go?" ba "Did you went?" ba. "I did not see him," ba "I did not saw him" ba. Alama ɗaya ta isa, kamar yadda "sun zo" take komawa "ba su zo ba", ba wanda yake cewa "ba sun zo ba" in yana nufin ba a gan su ba. Ita "past continuous" ba ruwanta da "did": "Were you sleeping?" "I was not sleeping." A harafi kuma, "writing" t ɗaya gare ta, "stopped", "running" da "sitting" suna ninka baƙi, "study" ta koma "studied" amma "play" ta tsaya "played", "pay" kuma "paid".

Lissafin maki

Duk wannan ba don burge kowa ba ne. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan a cikin garin, wasunku kullum suna wucewa ta ƙofarta. Ko injiniya kake son zama, ko aikin gona za ka karanta, sai da kiredit a Turanci za ka shiga, haka ma makarantar 'yan sanda. In ka shiga ma ba ka rabu da su ba, domin rahoton ɗakin gwaji labarin abin da ya wuce ne: "The solution turned blue while we were heating it."

A jarrabawar WAEC, insha'i yana da maki 50, ana kuma neman kalmomi kimanin 450. Daga cikin makin nan, 10 na ingancin nahawu ne da harafi da alamomin rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Ku yi lissafi da kanku: kuskure 20 sun share goman nan tas. Wasu maki 20 kuma na iya sarrafa harshe ne, inda rikicewar lokaci take sake yi wa mutum illa. Ɗalibai da yawa sukan zaɓi tambayar ba da labari don suna ganin ta fi sauƙi. Tana da sauƙin samun abin faɗa, gaskiya ne, amma ita ce ta fi tara aikatau, kuma kusan kowanne sai an mayar da shi jiya. Ka ɗauki labarin da ka taɓa rubutawa ka ƙirga aikatau nawa ne a shafi ɗaya, za ka ga kuskure 20 ba su da nisa.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne zamewa. Sakin layi na farko yana tafiya lafiya, "went", "saw", "was waiting", domin hankali yana kan nahawu. Da labari ya yi daɗi, hankali ya koma kan abin da zai faru, sai Hausa ta karɓe tuƙi. Ita kuwa a wurinta tunda an faɗi "bara" a farko, an gama da maganar lokaci. Kafin a kai sakin layi na uku an koma "he come", "we are running", "she tell me". Maganinsa shi ne ka ware minti biyar na ƙarshe ka bi rubutunka ba don karanta labarin ba, aikatau kawai za ka riƙa farauta, kana ɗora bakin biro a kan kowanne kana tambayar sa, kai na jiya ne? Wurin da za ka ɗaga ƙafa shi ne maganar da ke cikin alamar zance, domin ita tana zama yadda mai ita ya faɗe ta: My uncle said, "I am coming."

Ga ɗan aiki na wannan mako. Ku mayar da wannan Turanci, ku kai wa malamin Turancinku ko ku yi musayar takarda da abokin zama:

"Bara da damina muna dawowa daga Kano a motar haya. Ana ruwa, direba yana sauraron rediyo, fasinjoji suna barci. Muna cikin tsallaka gadar Wudil sai taya ta fashe. Direba ya tsaya, muka sauka. Yana buɗe but sai ya ga babu safaya. Ba mu da laima, ina jin yunwa, kuma ban san kowa a motar ba."

Jimla ta biyar tana farawa da "yana", ku gwada ta da "cikin" da kuma "da zarar" kafin ku rubuta. A jimlar ƙarshe akwai "ina", amma a Turancinta babu "-ing" ko ɗaya. Fashewar taya kuma "burst" ce, 'yar gidan su "cut" da "put".